Ranar da aka sa wa mahauci wuƙa

Matata ce ta fara gani. Na idar da sallar isha'i a gida saboda ruwan da ake tafkawa, ta zo naɗe darduma sai ta tsaya. Ta ce, "Malam, jinin nan daga kwata ka kwaso shi ko naka ne?" A gidan mahauci ɗigon jini ba abin tambaya ba ne, don haka na ce daga kwata mana. Ta ce ai na yi wanka, na yi alwala sau biyu tun dawowata. Ta kunna fitilar waya, ta zaunar da ni bakin gado, ta ɗaga ƙafata ta dama. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Kuma ba ka jin komai?" Na ce ko kaɗan. Wallahi a lokacin da alfahari na faɗa.

Shekarata talatin da wani abu ina fawa a Kumasi. Kafin asuba ina mayankar Kaase, da hantsi ina kan teburina a kasuwar Asawase, da yamma na koma gida Aboabo. Duk wannan a tsaye, cikin takalmin roba mai dogon wuya, a kan siminti mai jiƙe. A 2016 aka ce ina da ciwon suga, aka ba ni metformin. Ina sha idan na tuna, ko idan jiki ya yi mini nauyi. Shayina na safe kuwa ban rage masa komai ba.

Akwai shekarun da ƙafafuna suka riƙa yi mini zugi da daddare, kamar an zuba barkono a tafin, wani lokaci kamar ana tsira mini allura. Har fitar da su nake yi daga mayafi. Daga baya zugin ya lafa, sai na riƙa jin kamar auduga nake takawa. Na ce Alhamdulillahi, sauƙi ya samu. Sau biyu silifa ta zame mini a hanyar masallaci, ban ankara ba sai da yara suka biyo ni da ita, muka yi dariya aka wuce.

Kanta kuwa ta daɗe a ƙarƙashin tushen babban yatsana, mai kauri kamar ganda. Duk Juma'a masu yankan farcen nan da ke yawo suna kaɗa almakashi, ɗaya daga cikinsu kan tsaya a rumfata, ya yanke mini farce, ya kankare kantar da reza. Ba na ɗora masa laifi, ni nake miƙa masa ƙafar, ni nake ce masa ya ƙara shiga ciki don ban ji ya taɓa komai ba. Wata Juma'a a ƙarshen watan Mayu na 2024 ya ce, "Maigida, jini ya ɗan fito." Na ce ya danna auduga. Na zura takalmi na ci gaba da sara.

Bayan daren dardumar nan, kwana goma na yi ina yi wa kaina magani, kuma zan lissafa su don na san a gidaje da yawa na Zango haka ake yi. Na jiƙa ƙafar a ruwan zafi da gishiri. Na fasa kafso mai ja da rawaya na barbaɗa garin a ramin. Na shafa shuɗin maganin nan na ciwo har tafin ya koma kamar an tsoma a baba. Wani abokin sana'a ya kawo mini wani gari a ƙullin leda, shi ma na zuba. Ba jahilci ne kaɗai ya hana ni asibiti ba, tsoro ne. Na san mutum biyu da suka tafi da ƙafa biyu suka dawo da ɗaya, kuma abin da ake faɗa a majalisa shi ne, mai suga in ya kai ƙafa asibiti, to ya yi sallama da ita. Ba wanda yake tambayar wata nawa suka yi suna jiƙa ta a gida kafin su je.

Hancina ne ya karya mini gardama. Mahauci na iya musa komai, amma ba ya musa warin naman da ya fara juyawa. Wata safiya na cire safa, warin ya bugo ni, na gane shi kamar yadda nake gane muryar 'ya'yana. Ƙafar ta kumbura, bayanta ya yi sheƙi. Na kira babbar 'yata na ce ta nemo pragiya, wato babur mai ƙafa uku na haya. Katin inshorar lafiyata na raye ne kawai don ita ce ke sabunta shi ta waya da *929# duk shekara ba tare da ta tambaye ni ba.

Mun je wani asibiti da ke da ranar masu suga. Yankar kati, awon jini, tsira yatsa: na'ura ta nuna sugata ta yi sama sosai, har 17 da ɗigo, alhali ban karya ba. Likitan, wani Ba'ashante mai sanyin magana, ya leƙa ciwon, ya tambaye ni ko ina zazzaɓi, ya rubuta gwaje-gwaje, ya ce a kai ni ɗakin ƙafa. Nan na fara jin cewa kula da ƙafa sana'a ce mai zaman kanta, Turawa na kiranta fodiyatiri, kuma masu ita ba su da yawa a Gana, shi ya sa a wurare da dama nas-nas da aka horar ne ke riƙe da aikin tare da likitocin suga. Wadda na samu 'yar Zango ce, ba za ta girmi 'yata ba. Ta gaishe ni da Hausa har da rusunawa, sannan ta ce, "Baba, cire duka biyun."

Na ce ta hagu lafiyarta ƙalau. Ta ce da ita ma za ta fara.

Ta ɗora yatsu a bayan ƙafar, sannan a bayan idon sawu ta ciki, tana neman bugun jini. Ta same shi a duka ƙafafun, ta ce wannan ne labari mai daɗi na yau, don ciwon da jini ba ya isa wurinsa ba ya warkewa, kuma ba a sa masa wuƙa sai an yi bincike mai zurfi. Ta buɗa tsakanin yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta nuna wa 'yata fatar da ta yi fari ta jiƙe tana saɓulewa. Cin ruwa ne, ta ce, irin na wanda ƙafarsa ke kwana ta wuni a laima. Ta duba faratan da suka yi kauri suka yi rawaya, ta duba faso a diddige, har da baƙin tabon idon sawuna na hagu, wanda ta ce na zaman tahiya ne, tana ganinsa a ƙafar masu sallah da yawa.

Sai ta ɗauko wani abu kamar alƙalami, a bakinsa akwai siririn zaren roba irin na fatsa. Ta dangwala mini a bayan hannu don in san yadda yake. An yi shi ne ya lanƙwashe idan nauyin dannawar ya kai giram 10. Ta ce in rufe ido, duk sanda na ji ya taɓa ni in ce "e". Na rufe. Ina jin fanka na juyawa, ina jin wata mata na yi wa yaro faɗa da Ashantanci a baranda. Na jira, na jira, har na gaji na ce, "'Yata, ki fara mana, rana na yi."

Ba wanda ya amsa. Na buɗe ido na ga 'yata ta juya fuska tana goge ido da gefen mayafi. Ashe an taɓa ni sau takwas, a babban yatsa da tudun tafin, ƙafa biyu, zaren na lanƙwashewa a kan fatata. Nas ta buga wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗauki rawa, ta ɗora a ƙashin babban yatsa, ban ji ba. Ta mayar da shi gwiwa, na ji zirrr. Ta ce, "Baba, zugin da ka ce ya tafi, ba warkewa ya yi ba. Suga ce ta cinye jijiyoyin da ke kai saƙo. Ƙafarka na ihu, wayar ce ta yanke."

Wanzami ba ya son jarfa. Da na ga ta ɓare sabuwar wuƙar tiyata daga takarda, sai na janye ƙafar, ni da na yi shekara talatin ina fiɗa. Na tambaya ko ba za a yi allurar kashe zafi ba, ta yi murmushi ta ce in na ji zafi in gaya mata, za ta yi murna. Na roƙa a ba ni madubi in kalla, aka ba ni.

Da farko sai da ta sha wahalar wanke shuɗin nan da ruwan gishirin asibiti, tana cewa ya ɓoye mata launin naman, ita kuwa da launi take karatu. Sannan ta fara feƙe kantar, siriri-siriri, wuƙar a kwance, tana jan fatar da babban yatsanta don ta miƙe, daidai yadda nake koya wa yarana cire tantani daga tsoka. Hannunta bai yi rawa ba. Abin da nake ɗauka rami ne kamar ƙwayar gero sai ga shi yana buɗewa: kantar rufi ce kawai, a ƙarƙashinta naman ya rube ya yi ɗaki. Mugunya ta fito. Ta ci gaba da cire fari da toka-toka har ta kai inda ya yi ja yana tsattsafo da jini, ta tsaya. Ban san sanda na ce, "Nan ne mai rai" ba. Ta ce, "Ka ga ka fi ni sani." Ta bayyana mini cewa kanta a ƙafar da ba ta ji kamar tsakuwa ce da aka ɗinke a cikin fata, duk taku tana niƙa naman da ke ƙasa. Reza ta buɗe ƙofa ne kawai, ɓarnar ta riga ta fara.

Ta zura wani siririn ƙarfe cikin ramin tana lalube, ta ce ƙashi take nema, in ta ji ya yi ƙaras to magana ta canja, sai an tura ni babban asibitin Komfo Anokye, wato Gee, kamar yadda duk Kumasi ke kiransa da sunan kamfanin da ya gina shi. Bai taɓa ba. Duk da haka aka yi hoton ƙashi. Likita ya ɗaga hoton ya ce ƙasusuwa 26 ne a ƙafar mutum guda, na tsaya ina ƙirga abin da idona ya iya gani, ina mamakin yadda na san ƙafar saniya gaɓa-gaɓa ban san tawa ba. Ƙashin lafiya lau. Gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku kuwa ya nuna 11, inda ake so ya sauko wajen 7. Aka rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu, da man shafawa na cin ruwa, aka ɗora ni kan allurar insulin. Nas ta auna ciwon da ruler ta takarda, santimita 2 da rabi a tsaye, 2 a kwance, ta rubuta. Ta zagaye iyakar jan da ke bayan ƙafar da biro, ta ce wa 'yata in ja ya tsallake layin nan, ko zazzaɓi ya zo, ko yatsa ya fara baƙi, ko tsakar dare ne a dawo da ni.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce maganar da ta biyo baya: kada in taka ciwon.

Saura kwana tara Babbar Sallah. Wanda bai san fawa ba ba zai gane ba. Kwana ukun layya su ne kakarmu, gidajen da nake yi wa fiɗa shekara da shekaru suna jirana, kuɗin makarantar yara na zangon gaba daga nan yake fitowa. Na ce wa nas a ɗaure da kyau, zan lallaɓa. Ta ce, "Baba, in ka yanka tsoka ka ajiye a kan tebur, kana dukanta da gatari sau dubu a wuni, za ta haɗe?" Ta ce magani da bandeji taimako ne, ainihin maganin gyambon tafin ƙafa shi ne a ɗauke masa nauyi. Mafi inganci shi ne a sa filasta irin ta karaya wadda mutum ba ya iya cirewa, amma ba a rufe ciwon da ke da mugunya a ciki haka. Sai ta yanka wani abu mai kauri kamar kilishin auduga, ta fafe wurin da ciwon yake, ta manna kewaye da shi, aka sa ni sayen wani takalmi mai tudun diddige wanda gabansa ba ya taɓa ƙasa. Inshora ba ta biyan irin waɗannan, daga aljihu ne. Aka haɗa ni da sanda.

Wankin ciwo duk bayan kwana biyu, feƙe gefen duk mako. Limamin unguwarmu ya ce in yi shafa a kan bandejin in zan yi alwala, in yi sallah a kujera, addini bai ce in kashe kaina ba. Na bi duk wannan har ranar Sallah. Washegari wani Alhaji da ba na iya ce wa a'a ya aiko mota, ga sa ya kwanta, yarana sun rikice. Na ce zan je in nuna musu da baki kawai. Na tsaya awa biyar.

Da na koma wanki ban ce komai ba. Nas ta warware bandejin, ta kalli yadda ya baje ya jiƙe, ta aza ruler: ciwon ya fi ranar farko faɗi, gefensa ya yi fari. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Baba, naman Sallah ya yi kyau?" Sannan ta ce ƙa'idar da suke bi ita ce, ciwon da bai ragu da kamar rabi ba cikin mako huɗu, alama ce ba ya kan hanya, ni kuwa na mayar da agogo baya. Tun ranar na miƙa wa babban yarona teburin. Na koma zaman benci a ƙofar gida, ƙafa a kan kujera, ina amsa "ya jiki" har ta ishe ni. Ciniki ya ragu, wasu kwastomomi sun koma wani tebur kuma ba su dawo ba har yau. Wannan ma yana cikin kuɗin magani, ba a dai rubuta shi a rasit.

A bencin jiran asibiti na ga cewa ba masu suga kaɗai ke da matsalar ƙafa ba. Wani saurayi ɗan ƙwallo farce ya shige masa nama saboda yana yanke shi yana bin kwana, aka kashe masa yatsan da allura, aka cire siririn gefen farcen, aka ɗiga wani magani a saiwar don kada gefen ya sake tsirowa, ya fita yana dariya. Wata yarinya 'yar kaya daga kasuwar Kejetia da faso ya tsage mata har jini. Matata ma, da ta raka ni wata rana, ta yi ƙorafin diddigenta da ke soka ta a takun farko na asuba, in ta ɗan yi tafiya ya lafa. Shekara biyu tana cewa sanyi ne. Aka ce jijiyar da ta shimfiɗu daga diddige zuwa yatsu ce ta gaji da tsayuwar tukunyar koko a kan silifa fale-fale. Aka koya mata miƙa sharaɓa a jikin bango, da murza kwalba a tafin ƙafa, aka ce ta canja takalmi. Ya ɗauki watanni, amma ya tafi.

Nawa ciwon ya rufe a mako na goma sha ɗaya. Ramin ya cika daga ƙasa da jan nama mai gudaji-gudaji, fata ta riƙa shigowa daga gefe kamar farin zare. Ranar da aka cire bandeji na ƙarshe na so in yi sadaka in manta, likita ya ce kada in ce na warke, in ce ciwon ya kwanta, don wajen kashi 40 cikin 100 na masu irinsa yana dawo musu cikin shekara guda. Jin da ya tafi ba zai dawo ba. Abin da za a iya shi ne a riƙe sugar don kada ɓarnar ta ƙaru, ido kuma ya karɓi aikin da jijiya ta ajiye.

Nas ta sa na kawo takalmin aikina. Ta tsayar da ni a kan kwali, ta zana ƙafata, ta ɗora takalmin a kai: zanen ya leƙo ta gefe biyu. Shekaru ina cusa ƙafa a abin da ya fi ta ƙanƙanta, ina jin daɗin cewa ya kama ni. Ta ce in sayi takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, in bar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Kumasi ba a rasa shumeka, na kai wa wani zanen da shimfiɗar ciki mai taushi da aka yanka mini, ya yi mini sandal mai rufaffen gaba da maɗauri. Na sayi takalmin ruwa mai lamba ɗaya sama, da safa farare guda shida don ko ɗigo ya fito in gani, ina canjawa da azahar.

Yanzu ina da ƙaramin tawul a aljihu, bayan kowace alwala sai na tsane tsakanin yatsu. Da hunturu ina shafa man kaɗanya a diddige da tafin, ban da tsakanin yatsun, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan wanka da gwiwar hannu nake gwada shi. Ranar Juma'a idan sahu ya fito waje, ba na taka simintin da rana ta gasa ba safa. Farce a miƙe ake yanke mini shi, a asibiti, kantar ma can ake feƙe ta duk bayan mako shida ko takwas. Mai almakashin nan har yanzu yana wucewa, muna gaisawa, wani lokaci na ba shi tsoka ya kai gida. Madubin aski na ajiye a ƙarƙashin gado, kowane dare sai na duba tafin, inda ban gani da kyau ba matata ta haska.

A makon jiya da asuba, kafin in zura takalmin ruwa, na kife shi na girgiza kamar yadda aka koya mini. Wani tsinin ƙashin haƙarƙari ya faɗo kan siminti, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba, bakinsa kamar allura. Ban san ko jiya da yamma ya faɗa ba ko tun da rana. Na zauna na cire safar na duba da fitila, babu komai. Na naɗe ƙashin a takarda na sa a aljihun gaba, ranar Talata ina da ganin nas, zan nuna mata.